Yadda za ka mayar da kekenka mai lantarki a Maraɗi, ka kuma hau shi lafiya

Keken da nake hawa yanzu shi ne na biyu da na haɗa da hannuna. Na farkon ya kā da ni a kan hanyar Tsibiri, sati uku bayan na gama shi. Na murza totur a wata ƴar gangara, sandar tsakiyar tayar gaba ta juya a mazauninta, ta naɗe wayoyin injin ta tsinke su, tayar ta fita ta bar ni. Allah ya kiyaye babu mota a bayana, na tsira da gurjewar gwiwa da tafin hannu. Tun daga ranar na gane cewa saka wa keke inji shi ne mafi sauƙi a aikin nan. Inda ake samun matsala shi ne batir a zafin garinmu, da ƙarfen da zai riƙe injin, da birkin da zai tsayar da kai. A kansu zan fi daɗewa.

Fara da keken kansa. Wanda ya fi dacewa shi ne keken hawan tudu mai taya inci 26, jikinsa na baƙin ƙarfe, irin na gwanjo da ake samu a kasuwa. Ka tafi da ɗan maganaɗisu a aljihu: in ya manne a jikin keken, baƙin ƙarfe ne, in ya zame, alminiyam ne. Baƙin ƙarfe yakan lanƙwashe ya ba ka alama kafin ya karye, alminiyam kuwa tsinkewa yake yi farat ɗaya. Duba duk inda aka yi walda, musamman wuyan keken da gindin sirdi, in ka ga tsaga ko da kamar zare ce, bar shi. Tsofaffin kekunan nan masu taya inci 28, irin Phoenix da Raleigh da iyayenmu suka hau, ƙarfensu ba ya da na biyu, amma birkinsu na sanda ba a yi shi don gudun inji ba. Lokacin da na kai nawa wurin wani dattijo mai gyaran keke, ya matsa birkin sau biyu ya dube ni ya ce, "Ɗana, wannan birkin na mai zuwa masallaci ne. In za ka sa mishi wuta, sake birki tukuna." Na ce, "To Baba," ban kuwa sake ba sai bayan da na faɗi.

Auna faɗin bakin da sandar taya ke shiga. A mafi yawan kekunan hawan tudu, na gaba milimita 100 ne, na baya 135. Da wannan awon da girman tayar za ka sayi inji, don kada ka kawo abin da ba zai shiga ba ka fara buɗa ƙarfe da guduma.

Sai zaɓen inji. Akwai wanda ake ɗaurawa a gindin feda ya ja sarƙa, akwai wanda ke zaune a cibiyar taya. Na gindin feda yana da ƙarfin hawa tudu, amma yana da tsada, yana cin sarƙa, kuma yashinmu ba ya raga wa sarƙa. Garinmu ba na duwatsu ba ne, don haka na cibiyar taya ya wadatar. Shi ma iri biyu ne: ƙarami mai giya a ciki, wanda nauyinsa bai cika wuce kilo uku ba, da babba mai faɗi kamar faranti, marar giya, wanda yakan kai kilo shida ko fiye. Ni ƙaramin na zaɓa, saboda in batir ya ƙare a hanya, feda kawai za ka taka ka iso gida, ba ya riƙe tayar. Babban yakan yi nauyin tukawa in babu wuta.

Kada yawan lamba ya ja ka. Inji mai wat 250 zuwa 350 a kan folt 36 ya isa ya kai ka kilomita 25 a awa ko ɗan fiye, kuma a ƙasashen Tarayyar Turai ma wat 250 da kilomita 25 a awa ne iyakar abin da ake kira keke. In kana ɗaukar kaya ko kana da jiki, ka iya hawa zuwa wat 500 a kan folt 48. Abin da ya wuce haka babur ne a jikin keke, jikin keke kuwa ba zai ɗauka ba. Sa injin a tayar baya. Nauyinka a baya yake, can tayar ke kama ƙasa. Injin gaba in ya shiga rairayin lungunan unguwa sai ya yi ta wulwulawa yana watsa yashi, kan keken ya kufce maka.

Yawanci ana sayar da kayan a haɗe: taya mai inji, da akwatin sarrafa wuta da muke kira kwantirola, da totur, da hannuwan birki masu yanke wuta. Sayi su tare daga hannu ɗaya, domin kan wayoyinsu su dace. In injin ya zo shi kaɗai babu ƙarfen taya, kai wa gwanin ɗaurin taya ya saƙa maka shi da wayoyi masu kauri, ya daidaita ta har ta daina rawa.

Wajen ɗaura tayar, dubi sandar injin da kyau. Ba zagayayya ba ce, an shafe gefenta biyu, kaurinta a nan milimita 10 ne, don ta zauna daram a bakin ƙarfen keken ba ta juyawa. Duk ƙarfin da injin ke tura tayar gaba da shi, da irinsa yake murɗa sandar nan baya. Wannan murɗar ce ta buɗa bakin ƙarfen kekena na farko. Maganinta ƙarfen tokare: wani ɗan faranti mai kaurin milimita huɗu ko biyar, mai rami daidai siffar sandar, da hannu da ake ɗaurewa a jikin keken. In bai zo cikin kayan ba, mai walda zai yanka maka, amma tsaya a kansa ya goge ramin da zarto sannu a hankali har sandar ta shiga da ƙyar. In akwai wasa ko kaɗan, bai yi amfani ba. Sandar ta shige har ƙarshen bakin, a sa wasa-wasan da suka zo da ita yadda suke a jere, a ɗaure noti tam. Wayar da ke fitowa daga cikin sandar ta kalli ƙasa, ta yi ɗan lanƙwasa kafin ta hau sama, don ruwan damina ya ɗiga ƙasa maimakon ya bi ta ya shiga injin.

Haɗin wayoyi ba shi da wuya in ka bi launi. Daga injin akwai wayoyi uku masu kauri, ruwan ɗorawa da kore da shuɗi, sai ƙanana biyar da ke gaya wa kwantirola inda injin yake a juyinsa. Totur na da uku: ja mai folt 5, baƙa, da ta saƙo. Kowane launi da ɗan'uwansa. Kwantirola tana yin zafi, don haka kada ka cusa ta cikin jakar leda, ɗaure ta inda iska ke bugun ta, kan wayoyin na kallon ƙasa. Kuma kada ka yi kasalar haɗa wayoyin hannun birki. Ranar da totur ya maƙale saboda ƙura, su ne za su kashe injin da zarar ka taɓa birki.

Yanzu batir, inda rabin kuɗinka da dukan hankalinka za su tafi.

Hanya mafi araha ita ce batirin dalma guda uku masu folt 12 a jere. Yana aiki, amma masu 12Ah (Ah shi ne awon yawan wutar da batir ke ɗauka) guda uku sun haura kilo goma, kuma in kana so su daɗe, rabin abin da ke cikinsu kawai za ka riƙa sha. Zafi ma yana saurin kashe su. Batirin litiyam mai irin wannan ƙarfin bai fi kilo biyu zuwa uku ba. In kana da hali, sayi haɗaɗɗe daga hannun da ka yarda da shi, ka huta. In kuwa za ka haɗa da kanka, ga yadda lissafin yake.

Ƙwayar litiyam da aka fi amfani da ita wajen haɗa batir ana kiran ta 18650, wato faɗinta milimita 18, tsawonta 65. Tana ba da folt 3.6 ko 3.7, in ta cika ta kai 4.2, kuma bai kamata a sha ta ƙasa da kamar folt 3 ba. Ana haɗa su iri biyu. Akwai haɗin jerin gwano, kan wannan a gindin waccan, shi ke ƙara folt. Akwai haɗin kafaɗa da kafaɗa, kai da kai, gindi da gindi, shi ke ƙara yawan wutar da batir ke ɗauka. Ƙwayoyin da aka haɗa kafaɗa da kafaɗa su ne rukuni ɗaya. Rukuni goma a jerin gwano su ne folt 36, in sun cika 42. Rukuni 13 su ne folt 48, in sun cika 54.6. In kowane rukuni na da ƙwaya huɗu masu 2500mAh, wato 2.5Ah kowace, ka samu 10Ah, ƙwaya 40 ke nan gaba ɗaya a batirin folt 36.

Ninka 36 da 10, ka samu 360, wannan shi ne awon tankinka. A kan kwalta, kana ɗan taimakawa da feda, kowace kilomita takan ci 10 zuwa 15 daga ciki. Ke nan kamar kilomita 25 zuwa 35 kafin ya ƙare. Zai kai ka Tsibiri ya dawo da kai. Madarumfa kuwa zai kai ka, amma dawowa sai ka yi caji a can ko ka shirya taka feda. A cikin yashi, ko da iskar hunturu na bugun ƙirjinka, cin yakan kusa ninkawa.

A kasuwa za ka ga ƙwayoyi masu ado an rubuta musu 6800mAh ko 9900mAh. Ƙarya ce tsagwaronta. Ƙwayar 18650 ta gaskiya ba ta cika wuce 3500mAh ba, kuma nauyinta wajen giram 45 ne. Ɗora ta a sikelin masu sayar da zinariya ko na kanti. In ta yi shafal, ajiye musu abinsu. Araha ba ta ado.

Samari da yawa suna fasa tsofaffin batiran kwamfutar hannu su ciro ƙwayoyin. Na yi, don haka ba zan hana ka ba, amma sai da haƙuri. Auna kowace ɗaya da mitar auna folt. Wadda ka tarar ƙasa da folt 2.5, ko mai tsatsa, ko wadda ta loma, ko mai wani ƙamshi-ƙamshi kamar na alawa, fitar da ita. Sauran ka cika su ɗaya bayan ɗaya kana taɓa su, duk wadda ta yi zafi a caji ta fita. Ajiye su sati biyu, sake aunawa, wadda ta sauka da kanta ƙasa da 4.1 ita ma ta fita. Sai ka auna abin da kowace ke ɗauka da na'urar gwaji, ka rubuta a jikinta. Daga ƙwaya ɗari da na tara, ƙasa da rabi suka tsallake. Ka kuma sani ƙwayoyin kwamfuta ba a yi su don jan wuta mai yawa ba. Kwantirolar wat 350 takan ja ampiya 15 ko fiye. In ƙwaya huɗu ne a rukuni, kowace na ɗauke da kusan ampiya huɗu, abin da ya yi wa tsohuwar ƙwaya yawa. Da irinsu sai ka sa shida ko bakwai a rukuni. Rarraba su yadda jimillar kowane rukuni za ta zo daidai da ta sauran, domin rukunin da ya fi rauni shi ke yanke wa batirin duka tafiya.

Kafin ka fara haɗi, cire zoben azurfarka da agogo. Ba wasa nake ba: zobe in ya haɗa kan batir biyu, cikin ƙiftawar ido yake yin ja a yatsa. Shimfiɗa katako ko kwali a tebur, naɗe kayan aikinka da salatif. Ƙwayoyin da za su zauna kafaɗa da kafaɗa su kasance folt ɗinsu ɗaya kafin su taɓa juna. Manna wa kan kowace zoben takarda mai hana wuta, saboda a wurin nan ɓangaren ƙari (+) da na ragi (−) suna dab da juna, ƴar ledar jikin ƙwayar ce kawai tsakaninsu. Ana haɗa su da siririn ƙarfen nikel da na'urar walda mai ɗigo, wadda ke manna ƙarfen cikin ɗan lokacin da zafi bai isa shiga ƙwayar ba. Narka dalma a kan ƙwaya yana dafa cikinta, kuma ba za ka ga ɓarnar ba sai bayan watanni.

Allon tsaro, wanda ake rubuta wa BMS, wajibi ne. Shi ke yanke caji in wani rukuni ya cika, ya yanke wuta in wani ya kusa ƙarewa, ya daidaita su. Sayi wanda ya dace da yawan rukuninka, mai ɗaukar ampiya 20 zuwa 30. Ƙananan wayoyinsa ana manna su ne a jere, daga gindin batir zuwa kai, kan filogin yana cire daga allon. Kafin ka soka shi, auna ramukan ɗaya bayan ɗaya: ka ga 3.6, sai 7.2, sai 10.8, yana hawa daidai har ƙarshe. In wani ya yi tsalle, ka yi kuskure a jeri, gyara kafin allon ya ƙone. Sa fiyus mai ampiya 20 ko 25 a jar waya, dab da batirin. Wayar wuta kada ta gaza mai lamba 2.5mm². Naɗe batirin, kewaye shi da soso, sa shi a akwati mai ƙarfi, ɗaure shi a tsakiyar keken tsakanin ƙafafunka, ƙasa-ƙasa. In ka ɗora shi a mazaunin kaya na baya, keken zai riƙa kaɗa wutsiya a kwana. Girgizar hanyar burji tana sa ƙarfe ya ci leda, don haka kada wani abu ya yi motsi a cikin akwatin.

In ka samu ƙwayoyin da aka rubuta wa LiFePO4, masu folt 3.2, sun fi nauyi kaɗan, amma sun fi jure zafi, sun fi daɗewa, kuma ba su da saurin kamawa da wuta. Ga garinmu ni su na fi so. Sai dai allon tsaronsu da cajarsu daban ne, kada a gauraya.

Gwajin farko a yi shi tayar baya na sama. Ɗaga keken, kunna, murza totur kaɗan. In tayar ta juya sumul, matsa birki ka ga ko injin ya mutu nan take. In ta yi gurnani tana karkarwa, kashe maza, akwai wayar da ba ta zauna ba. Daga nan zagaya fili minti goma, sauka ka taɓa injin da kwantirola da kan wayoyi. Ɗumi ba laifi. Zafin da ba za ka iya barin hannunka a kai ba, laifi ne.

Caji shi ne inda nake jin tsoro ga jama'armu. A watan Afrilu da Mayu zafin Maraɗi yana haura digiri 40 a inuwa, litiyam kuwa ba a son a yi masa caji in ya wuce digiri 45. Batirin da ya sha tafiya da azahar ya riga ya kai can. Bar shi ya huce awa guda a inuwa. Yi caji a kan siminti, a zaure ko ƙarƙashin rumfar kwano, nesa da katifa da labule da danga, nesa da galan ɗin mai, kuma ba a bakin ƙofar ɗakin da mutane ke kwana ba. Cajar ta kasance tasa: 42V ga batirin folt 36, 54.6V ga na 48. Mai ampiya biyu takan cika 10Ah cikin awa biyar zuwa shida, abin da ta ci kuwa bai kai rabin kilowat na mitar kamfanin wuta NIGELEC ba.

Na san yadda wutarmu take. Mun ga abin da ya faru a watan Agustan 2023 da aka yanke layin da ke zuwa daga Najeriya, ko yanzu ma da bazara sai a ɗauke da rana a kawo tsakar dare. Sai mutum ya soka caja ya kwanta, ya ce in an kawo ta cika. Kada ka yi haka. In an ɗauke wuta, zare cajar, in an kawo ka jira ta zauna, kuma a yi caji akwai mai ido biyu a gidan. Mai faifan hasken rana ya fi kowa morewa: faifai mai wat 100 a rana mai kyau yana iya tara abin da zai cika batirin nan, amma ta hanyar inbata da cajar keken, ko na'urar caji ta sola da aka saita daidai folt ɗinsa. Haɗa faifai kai tsaye da batir ganganci ne.

In ka ga batir ya kumbura, ko yana huci, ko yana wari, fitar da shi tsakar fili nan da nan in ana iya taɓa shi. In ya fara hayaƙi, janye yara, kada kowa ya shaƙa, hayaƙin guba ne. Daga nesa a zuba masa ruwa mai yawa ko a binne shi da yashi, a kira ƴan kwana-kwana, kuma a bar shi a waje har kwana guda, don yakan sake tashi bayan an ɗauka ya mutu.

Kan hanya, abin da za ka fara lura da shi shi ne ba a jin zuwanka. Mai tallar fura, da almajiri, da akuya, da mai amalanke duk da kunne suke kauce wa kabu-kabu, kai kuwa shiru kake tafe. Sa ƙararrawa mai ƙara, ka riƙa kaɗa ta tun daga nesa, musamman wajen babbar kasuwa da bakin tasha da lokacin tashin ƴan makaranta. In gudunka ya ninka biyu, tazarar tsayawarka ninka huɗu take yi, keken kuma ya ƙara nauyi. Don haka sabbin robobin birki da sabbin wayoyinsa, in da hali birki mai faranti a gaba. Matsa biyun tare, a yashi kuwa sassauta na gaba don kada ya zame da kai. Sa kaski, wato hular kwano, ko da nan da bakin titi za ka. Fitila fara a gaba, ja a baya, tun kafin magariba, domin manyan motocin da ke bin hanyar Yamai da Damagaram da ta Ɗan Isa ba sa ganin keke a duhu, balle in hazo ya sauka.

Tashi da feda, sai keken ya motsa ka murza totur a hankali. Tashi da totur daga tsaye shi ya fi cin batir da giyar injin. In ka shiga rairayi mai zurfi, kada ka danne totur injin na nishi, a nan yake dahuwa. Taimaka da ƙafa ko ka sauka ka tura. Tattare babbar riga ka zauna a kanta. Ƴan'uwa mata, a kula da bakin hijabi da zane, a sa wa tayar baya raga ta rufe wayoyinta, domin injin ba zai ji ya kama tufa ya tsaya ba. Da damina, ruwan da ya kai cibiyar taya ba na shiga ba ne, zagaya.

Ƙaya ma abokiyar tafiya ce a nan, ga tsidau ga ta aduwa, kuma cire taya mai inji a bakin hanya wahala ce. Sa taya mai kauri, ka shimfiɗa yankakken tsohon tib a cikinta ya zama kariya, ka koyi yin faci tayar na jikin keken. Duk sati ka bi notin sandar injin da sifana, ka taɓa wayoyin tayar baya ka ji ko wata ta saki, ka goge ƙura a totur da busasshen tsumma. Wankin keken da tsumma mai laima ne, ba da tiyo ba. In za ka yi tafiya ka bar shi wata guda, bar batirin da rabin caji a ɗaki mai sanyi. Ƙwayoyin da ka fitar kuwa, liƙe kawunansu da salatif ka tara su a tukunyar ƙasa da yashi. Kada su shiga bola, inda ake cinna wuta kuma yara ke tone-tone.